Tukunyar Babbar Sallah A Gidan Ɗan Kasuwar Bakin Iyaka

Duk shekara idan watan Zulƙida ya raba, hirar da ake yi a rumfunan kasuwa daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Konni zuwa Illela, takan koma guda ɗaya, wato nawa rago ya kai. A gidan rediyon da muke aiki ma haka abin yake, domin da zarar mun buɗe layin waya kusan duk mai kira maganar rago ce a bakinsa. Amma mun daɗe da lura cewa ba a cika tambayar kuɗin itace ba, ko na man gyaɗa, ko yawan bakunan da za su zauna kan tabarma, alhali kuwa a nan ne Sallar mutane da yawa take lalacewa. Rago yana ɗaure a ƙofar gida kowa yana gani yana yabawa, uwargida kuma tana daga ciki tana juya kwanon awo, tana lissafin da ya ƙi fita.

Gidan ɗan kasuwar bakin iyaka ba kamar sauran gidaje ba ne. Ban da iyali da surukai da maƙwabta, akwai yaran shago, akwai direba da yaron mota, akwai abokin ciniki na ƙetaren iyaka wanda Sallah ta riske shi a hanya, kuma ba shi da inda zai ci sai gidan mai masaukinsa. Duk wanda ya taɓa saukar da fatake ya san cewa yadda ka karɓe su ranar Sallah yana cikin abin da za su tuna idan ana maganar ba ka kaya bashi. Saboda haka wannan abinci mutunci ne, kuma wani ɓangare ne na kasuwancin kansa. Sai dai kuma kuɗin da za a yi shi da su daga jari suke fitowa, kuma a nan hatsarin yake.

Lissafi kafin a je kara

A shekarun 2023, 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo ne cikin watan Yuni, kuma kamar yadda kowa ya sani kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Wato dai muna cikin zagayen da Sallah take zuwa cikin zafi da ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, harawa da dusa suka yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, manomi kuma yana neman kuɗin iri da taki. Ɗan kasuwar da ya cinye jarinsa a kwana 3 zai tarar da damina ta faɗi ba shi da abin sarin kaya, masu bin sa bashi kuma suna ƙofa.

Ga kuma halin iyaka, wanda ya koya mana cewa ba a jiran makon ƙarshe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. A Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Mayu 2025 kuma, ana saura 'yan makonni Sallah, suka hana fitar da dabbobi domin a samu sauƙin rago a cikin gida. Mai saye a Maraɗi ya ji daɗin wannan, mai kiwon da ya saba kai ragunansa Maigatari ranar Alhamis bai ji ba, mai saye a Kano kuwa ya ji a jikinsa. Canji ma ya juya. A farkon 2023 jika ɗaya ta Sefa ba ta kai Naira 1,500 ba, a 2024 kuwa ta haura Naira 2,000, ga cire tallafin mai da aka yi a Najeriya a ƙarshen Mayu 2023 wanda ya ɗaga kuɗin mota a ɓangarorin biyu. Wanda ya riƙe lissafin bara a kansa ya shiga kasuwar bana, zai sha mamaki.

Shawararmu ga maigida ita ce ya zauna da uwargida tun kafin ya taka kara, su raba kuɗin. A ce jika 150 ka ware wa Sallah. Idan ka zuba 140 a kan rago, to ka sayi abin kallo ne, domin jika 10 ba za ta sayi itace da mai da shinkafa da kayan miya ba, balle ladan mahauci. Mu dai a ganinmu kashi ɗaya cikin 3 na kuɗin ya kamata a ajiye wa tukunya, a sayi ragon da sauran suka iya saye. Malamai sun sha faɗa a shirye-shiryenmu cewa layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali, ba a ɗora wa kowa ya ci bashin da zai hana shi barci ba. Gasar ƙofar gida ce take kai mutane, wai kada a ce ragon Alhaji wane ya fi nasa ƙaho.

Sai ƙidayar baki. A nan mu ma mun taɓa jin kunya. A Sallar 2020, iyaka tana rufe, muka yi lissafin mutum 20 a gidanmu. Mun manta cewa akwai direbobi da yaran mota da suka maƙale a gari, ba su da hanyar komawa gida, kuma wasunsu sun san ƙofarmu. Kafin magariba mun ga bayan tukunyar shinkafa, aka shiga aron tiya biyu a maƙwabta, aka sake hura wuta da dare, baƙi suna zaune ana ta jan su da hira da shayi. Tun daga ranar idan mun ƙidaya mutum 20 sai mu auna na 30. Masu girki sun san cewa tiya ɗaya ta shinkafa, wadda ta kai wajen kilo 2 da rabi, tana ciyar da manya 15 ko fiye idan akwai miya da nama a kai, samarin tasha kuwa a rage lissafin.

Ragon da za a saya

Ba za mu koya wa 'yan kasuwa ciniki ba, amma mai sayar da atamfa ba lallai ne ya san rago ba. Balami ya fi kowa girma da kuɗi, fari tas mai faɗin kunne. Uda shi ne mai rabi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari. Akwai Bali-bali, akwai Ara-ara na Arewa, akwai 'yan ƙasa waɗanda ba su da girma amma namansu ba ya kunyata mai shi. Ragon turke da mata suka kiwata a gida da dusa da harawa yakan fi na garke kitse a wannan lokaci na shekara.

A buɗe baki a duba haƙora. Ragon da ya shekara yakan fara zubar da haƙoran nono na tsakiya, manya biyu masu faɗi su fito. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasashenmu, ana son rago ya cika shekara, sa kuma ya cika 3. Mai ido ɗaya ba ya isarwa, haka gurgu, da mara lafiyar da cutarsa ta bayyana, da ramamme wanda ba kitse a jikinsa, da mai karyayyen ƙahon da yake zubar da jini. A dafa gadon baya da gindin wutsiya, nan ne nama yake faɗin gaskiya. Ciki kuwa yana ƙarya, domin akwai masu ba dabba gishiri ko kanwa da safe ta yi ta shan ruwa, ta iso kasuwa kamar ganga, kwana biyu a gidanka ta saɓe. A kuma sani cewa rago ba ya ba da rabin nauyinsa nama. Mai kilo 40 a tsaye, idan an cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da zai rage da ƙashinsa bai fi kilo 18 zuwa 20 ba. Da wannan za a yi lissafin rabo, ba da girman ƙaho ba.

A yi magana da mahauci tun da wuri, a yanke ladansa da kuɗi. Ranar Sallah mahauci sarki ne, yana da gidaje da yawa, kuma wanda bai kama shi tun jajibere ba zai ga ragonsa kwance cikin rana har azahar. Ba a biyansa da naman layya ko da fatar, kamar yadda ba a sayar da su.

Kayan da ba sa jiran jajibere

Shinkafa, man gyaɗa, gishiri, sukari, busasshen tattasai, daddawa da kayan yaji duk ba sa lalacewa, don haka babu dalilin sayensu a makon da kowa yake nema. Mai zuwa kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a ya ɗauko su mako 2 kafin Sallah. Albasa a nemi ta Galmi mai ruwan shuni, wadda ta bushe sosai, a shimfiɗa ta a inuwa kada a bar ta cikin buhu. Jan tattasan Diffa shi yake ba miya launi ba tare da an cika tumatirin gwangwani ba. Ɗanyen tumatir da attarugu da ganye su kaɗai za a bari sai ana gobe Sallah.

Yaji kuwa a daka shi da kwana 3 ko 4. Kowane gida da hannunsa, amma ginshiƙin dai ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da gishiri, a ɗan sa kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa. Ƙuli-ƙulin ya zama sabo, domin tsoho yana da ɗaci, kuma ba abin da yake ɓata gashi mai kyau kamar yajin da ya yi warin tsohon mai. A raba biyu, mai zafi na manya da mai sauƙi na yara da tsofaffi.

Itace shi ne abin da maza suka fi mantawa. Gashin rago sukutum yana cin itace ƙwarai, kuma farashinsa yakan tashi tare da na rago. A nemi busasshe mai nauyi wanda yake barin garwashi, irin ƙirya ko bagaruwa. Katakon da aka shafa wa fenti, da taya, da leda, kada a kusanta su da wutar nama, ko da babbakar kai da ƙafa ce. Tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011 gidaje da yawa a birane sun samu tukunyar gas, kuma ita ta dace da miya da shinkafa, a bar wa gashi itacen. Maƙwabta 4 ko 5 su haɗa wuta ɗaya, kamar yadda aka saba a unguwanninmu, ya fi kowa ya hura tasa.

Ranar yanka

Ba a yanka kafin liman ya yanka nasa, kuma kwanakin layya 3 ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, da rana ba da dare ba. Wannan sauƙi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin sau da yawa dillalan da ragunansu suka kwana sukan sassauta, ko da yake caca ce, wata shekarar sai ka tarar kara ta watse.

Da an feɗe, aikin farko kayan ciki ne, domin su ne suke fara lalacewa cikin zafi. A cire matsarmama a hankali kada ta fashe a kan hanta. A duba hantar da huhun, idan an ga tsutsa ko ƙurji ko ƙulli mai ruwa, a yanke wurin a binne, kada a jefa wa karnuka. Tumbi da hanji a wanke su nesa da inda ake ajiye nama, da ruwa mai yawa, a tafasa a zubar da ruwan farko. A yawancin gidajenmu abincin ranar farko ke nan: soyayyar hanta da ƙoda da albasa da yaji a buɗe baki da ita, sai farfesun kayan ciki da citta da masoro, a ci da waina ko burodi ko tuwon shinkafa. Fatar a baɗe ta da gishiri tun tana ɗanya idan za a ba masallaci ko makaranta, in ba haka ba kafin gobe ta fara zubar da gashi.

Sannan gashi, wanda shi ne abin da baƙo daga Kano ko Katsina yake tsayawa kallo idan ya yi Sallah a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. A can an fi yanyanka nama a soya tun ranar. A nan kuwa ana buɗe ragon sukutum, a gicciya sanduna biyu a jikinsa su miƙar da shi, a jingina shi a gefen wuta jere da na maƙwabta. Ba a kan wutar ake ɗora shi ba, zafinta ne yake dafa shi sannu a hankali, tun daga azahar har dare. Ana fara fuskantar da cikin, wato gefen haƙarƙari, domin ƙashi ya ɗauki zafi, daga baya a juya bayan. Ana shafa ruwan gishiri da ɗan mai lokaci lokaci, a tsaga cinya da karfata da wuƙa domin zafi ya shiga, a ajiye kwano a ƙasa ya tari kitsen da yake ɗiga. Yajin ƙuli ba a sa shi a wuta, ƙonewa yake, sai an zo ci. Kuskuren masu gaggawa shi ne su matso da nama kusa da harshen wuta, waje ya yi baƙi, kusa da ƙashi kuma jini. Irin wannan nama idan ya kwana cikin zafin bazara, gobe sai asibiti. A soka wuƙa a cinya har ƙashi, idan ruwan da ya fito yana da ja, bai yi ba. Idan ya yi, a rataye shi inda iska take ratsawa, a rufa masa yadi mai tsabta, kada a naɗe shi cikin leda yana da ɗumi.

A lura da yara a bakin wutar nan. Duk shekara sai mun karanta sanarwar yaron da ya ƙone, kuma yawanci da yamma ne, lokacin da manya suka gaji suka koma inuwa.

Babban zama

Saboda gashi ba ya ƙarewa sai dare, mun fi ganin a sa babban cin abinci da yammacin rana ta biyu. Da safe a yi rabo. Malikiyya ba ta yanka wani kaso na dole ba, abin da ake so shi ne mutum ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta. Sai dai a fara fitar da na marasa hali kafin na surukai da manyan gari, domin mun sha ganin cinya tana tafiya gidan da aka yanka raguna 3, tsohuwar da take maƙwabtaka da kai kuma a aika mata wuya. A kuma ware naman zaman yamma tun kafin yara su fara yawo da kwanuka, in ba haka ba za a kai la'asar a tarar saura haƙarƙari.

Abinci kala biyu da aka yi da kyau sun fi biyar da aka yi a guje. Shinkafa da jar miya ita ce ba ta ba da kunya. A soya albasa da yawa cikin man gyaɗa har ta yi ja, a zuba niƙaƙƙen tumatir da tattasai, a bar su su soyu har mai ya taso sama, sannan a zuba romon ƙashin rago maimakon ruwa. Kala ta biyu dambu da zogale, ko waina ga gidan da yake da hannuwa, amma a tuna waina tana son a jiƙa shinkafarta a niƙa tun jiya ƙullun ya kwana ya tashi, kuma tana tsare mace ɗaya a bakin tanda har a gama. Kai da ƙafa a babbake, a kankare, a ɗora tun safe a kan ƙaramar wuta, su ne na dattawa. Gasasshen naman a sake ɗumama shi a kan garwashi ya yi zafi har ciki, a yanka a tire da albasa da yaji a gefe. Abin sha a yi zoɓo da lemun citta ko na tsamiya da ruwa mai tsabta, kada a raina fura, domin baƙon da ya sha rana ita zai fara nema.

Za mu faɗi wata magana ko da wasu ba za su so ba. Maza ne suke karɓar yabo ranar Sallah, amma matan gida tun asuba suna tsaye cikin hayaƙi, sau da yawa su ne na ƙarshen ci, wani lokaci ma ƙashi suke tararwa. A zuba nasu da na yara a rufe kafin a fitar da tire zaure. Kuma maigida ya ɗauko hannu, ko 'yan uwa ko mai aikin kwana biyu da za a biya ta, domin mace ɗaya ba ta ciyar da mutum 30 ta kuma soya rago.

Wurin zama a share a yayyafa ruwa tun la'asar, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Dattawa da baƙin nesa su samu tirensu daban, samari nasu daban, domin idan aka haɗa su dattijo kunya za ta hana shi miƙa hannu. A fitar da abinci bayan magariba, kada a kai isha'i ana jira, musamman ga wanda zai kwana ya kama hanyar iyaka da asuba. Irin wannan baƙo a ƙulle masa soye da yaji a takarda, ya kai wa iyalinsa.

Abin da ya rage kada a dogara da firji. Mu mun taɓa cika namu da cinya biyu, wuta ta ɗauke tun dare ba ta dawo ba sai washegari da yamma, muka haƙa rami a bayan gida muka binne. A rana ta uku a yanyanka sauran ƙanana, a sa gishiri da citta, a soya cikin mai da kitsen ragon har kumfa ta kwanta, alamar ruwan jikinsa ya ƙare. A tsame a baza a tire ya huce sarai, sannan a zuba a tukunya ko kwano busasshe mai murfi. A riƙa ɗiba da cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba, a kuma sake ɗumama shi duk bayan 'yan kwanaki. Soyen da aka yi haka yana kai makonni yana shiga miya, man da aka soya shi a ciki kuma a tace a ajiye a kwalba, na dambu ne da shinkafa da wake.